Ƙofar Zaure Ko Sabon Gem

Bagama, Suleja.

Zuwa ga 'yata Halimatu Sadiya, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, Uwata, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Fakhruddeen da yaran gaba ɗaya. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a abin da kuke nema, ya raya muku zuri'a bisa tafarkin gaskiya. Mu nan alhamdu lillahi, ana ta lallaɓawa. Ƙaninki Ghali yana lafiya, matarsa Sailuba ta yi nauyi, muna sa ran sauka kafin azumi, Allah ya raba lafiya. Goggonki Dije ta zo daga Iku makon jiya da 'yar doya da kuka, tana ta tambayarki. Damina ta yi kyau bana, sai dai gonakin ne suka ƙare, duk inda ka san dawa a da yanzu bulo ne da kwano. Ni kuma ƙafafun nan ne suka kumbura suka ƙi sacewa, amma wanda ya kai shekaruna bai kamata ya yi ƙarar ƙafa ba.

Na san za ki ce me ya kawo takarda a zamanin waya. To wayar ce ta kawo ta. Shekara da shekaru ina ɗauko miki maganar ƙofar zauren gidan nan, da na fara sai ki ce Baba sabis ba kyau, ko ki ce za mu yi magana, ko ki miƙa wa jikokina su yi ta mini gwaranci har in manta abin da ya sa na kira. Shi Ghali in na tare shi sai ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu. Mahaifiyarku kuwa, Allah ya jiƙanta, ta tafi ba ta ba ni amsa ba. Shi ya sa na roƙi Malama Grace mai haya a ɗakin baya ta riƙe mini alƙalami, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Maƙwabcinmu Alhaji Isiyaku zai zo Umra, shi zai danƙa miki hannu da hannu. Takarda dai ba ta katsewa, kuma ba a miƙa wa yaro ita ya yi gwaranci.

Bari in tuna miki yadda aka yi, don kada a ce tsufa ne ke sa ni ƙari. Ina kwance asibiti aka yi mini aikin ƙaba, ban san inda kaina yake ba, ku uku kuka zauna kuka yanke shawara, ke a waya, Ghali da mahaifiyarku a tsakar gida. Shi Ghali ya gama karatu ya yi ta zarya Abuja da takardu har takalminsa ya huje, ba aiki. Kuka ce zauren nan yana bakin titi, a mai da shi gidan gem, yara su riƙa biya suna wasan ƙwallo a talabijin. Ke kika aiko da akwatunan wasan guda uku. Don kada yaran unguwa su riƙa leƙa mata, aka kawo bulo aka toshe ƙofar da ke shiga cikin gida daga zauren, aka shafe ta da siminti, aka fasa mana wata 'yar ƙofa ta lungu, tsakanin katangarmu da ta maƙwabta, inda kwatar masu haya ke bi. Ranar da aka sallamo ni, na sauka daga keke napep ina dafe da ciki, na nufi ƙofar da ubana ya gina, wadda nake shiga tun ina rarrafe, sai na tarar da yara cike suna ihu, wani ma ya ce mini Baba layi ake bi. Aka kama hannuna aka zagaya da ni ta lungu kamar mai zuwa karɓar bashi. Na tambayi wa ya ba da izini. Har yau da nake wannan magana ba wanda ya ce ni ne.

Akwai abin da ba a gaya miki ba, kuma ni na hana a gaya miki a lokacin don kina da tsohon ciki. Yau zan faɗa. Ranar da mahaifiyarki ta rasu, mata suka gama yi mata wanka da sutura, aka aiko da makara daga masallaci. Makarar nan ni na haɗa ta da hannuna tun ina da ƙarfin riƙe zarto, na san tsawonta kamar yadda na san tsawon gadona. Aka shigo da ita lungu, aka zo kwanar nan ta wajen kwata, ta ƙi juyawa. Suka gwada ta a kwance, suka gwada a karkace, suka ɗaga ta tsaye, ina tsaye ina kallo, na san ba za ta shiga ba. Ƙarshe aka bar ta a bakin titi, aka naɗo mahaifiyarki Fatsuma a tabarma. Da aka zo kwanar sai da aka ɗaga kanta aka sauke ƙafafun, aka ɗan lanƙwasa ta kafin ta wuce, gefen likkafanin ya shafi gansakukar bango. Matar da ta shigo gidan nan ta ƙofar zaure da guɗa, ita ce aka fitar ta kan kwata ana a yi a hankali, a yi a hankali. Ga ƙofa nan mai faɗi, kakanki da kakarki mai sunanki duk ta nan aka fita da su a miƙe, amma an shafe ta da siminti an manna hoton wani ɗan ƙwallo a kai yana washe baki.

Ghali ya yi kuka a ranar, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya riƙe ƙafata ya ce da an yi sadakar bakwai zai kira magini a fasa. Aka yi bakwai, ya ce a bari Sallah ta wuce don lokacin ne yara ke da kuɗi. Sallah ta wuce, ya ce hutun makaranta. Hutu ya wuce, ya ce gasar kofin duniya. Na kai ƙara wurin Liman, Liman ya ce mini mamaci ba ruwansa da ƙofa, aikinsa ne kawai ke binsa. Na ce Allah gafarta Malam na sani, ban yi boko ba amma na riƙe allo, sai dai ai ban mutu ba tukuna, kuma mai rai ne ke kwana da abin a ransa. Da na matsa wa Ghali ƙwarai, sai ya yi mini magana guda wadda na riƙe. Ya ce in yi haƙuri, akwatunan nan sun tsufa, ba ya da halin sayen wasu, ranar da na ƙarshe ya mutu shagon ya mutu ke nan, zai fasa bangon da hannunsa.

To tun daga ranar, Uwata, ni da akwatunan nan muke tsere, a ga wanda zai riga wani. Kada ki yi dariya. Na farko ya mutu bara da damina, tsawa ta yi aka kawo wuta da ƙarfi, ya yi ƙauri ya yi shiru, na ce Allah ya sa na sauran ya zo da sauƙi. Na biyu yanzu in an kunna shi huci yake kamar tsohuwar tifa a hawan Dutsen Zuma, sai Ghali ya ɗora shi kan bulo ya kafa masa fanka shi kaɗai. Ni da nake da gidan ba ni da fankar kaina, akwati yana da ita. Na ukun ma yana haɗiye faifai ya ƙi tofarwa sai an buga masa ƙeya. Ina lissafin ko da ƙafafun nan zan iya cin tseren. Kwatsam ran nan ina kishingiɗe a gindin mangwaro, sai na ji Ghali a waya yana cewa Yaya ki daure, sabon da ya fito ne, ko guda ɗaya ne ki sa a kayan Alhaji Isiyaku. Yana magana da ƙarfi don ya ɗauka kurumta ta gama da ni. Kunne ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana nan yana aiki, kuma shi ne ke sama a ranar. Sabon akwati, Uwata. Yaro ɗanye. Ina ni ina tsere da shi?

Ban so in rubuto miki da zafin rai kawai ba, don kada ku ce tsoho ya ƙi abin da bai sani ba. Gani ya kori ji, sai na ɗauki kujerata na shiga shagon na zauna, yini bayan yini, abin da ban taɓa yi ba tun da aka buɗe shi. Yaran suka sa mini suna Alƙalin Wasa, in an ci ƙwallo sai su juyo su ce Baba a duba mana ko da satar gida. Abin da na gani shi ne, benci uku ne amma ɗaya ne ke da masu wasa. Sauran duk sun dunƙule kowa da wayarsa a kwance a tafin hannu, yana ta dannawa da manyan yatsu, kunne a toshe da waya. Na tambayi wani mai askin banza a kai me ya kawo shi tunda ba ya wasa, ya ce cajin Oga Ghali da iskar fanka, wai gem ɗinsa yana cikin waya, yana harbi da wani mutum a Indiya. Na ce ka san shi? Ya ce no need. A da, ko ina jin haushi, na san ihun da ke hana ni barcin rana na yara ne da ke zaune kafaɗa da kafaɗa, wanda aka ci a yi masa tsiya, ya yi zuciya, gobe ya dawo. Yanzu ɗaki cike da mutane, shiru kamar zaman makoki, sai injin wuta a waje yana shan mai.

Na kira Ghali na ce ya gaya mini abin da sabon yake yi wanda tsohon ba ya yi. Ya gyara tsayuwa ya ce ai ba a haɗawa, a sabon har gumin goshin ɗan wasa ana gani, da ciyawar fili ɗai-ɗai, da yadda riga ke kaɗawa. Na ce 'yan wasan sun ƙaru ne? Ya ce a'a. Na ce ƙwallon ta zama biyu? Ya ce a'a. Na ce ragar fa, an faɗaɗa ta? Ya yi dariya ya ce Baba ba za ka gane ba. Na ce na gane sarai, gumi za a saya. In gumi yaran nan ke son gani su bi Goggonku gona a Iku, za su gan shi kyauta har su ɗanɗana. Da na tambayi kuɗinsa sai ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ji a bakin yaran cewa ya kusa kuɗin babur, kuma wai ba ya nuna gumin ma sai an haɗa shi da sabuwar talabijin irin tasa. Wato in ka sayi doki sai ka sake gina masa barga.

Yaran suka ce akwai wani Bayarabe, Ayobami, da ya buɗe irin wannan shago a Maje, wajen sababbin gidajen nan, shi ya riga ya sayi sabon. Na hau keke napep na je da ƙafafun nan nawa. Yaron kirki ne, ya ba ni kujera da ruwan leda, yana ce mini Baba Ghali. Na ga akwatin, fari sol, a tsaye kamar ango. Amma ba a wasa da shi. Wani ɗan layi ne kawai a talabijin yana tafiya kamar hawainiya, yara sun zuba masa ido. Na ce lafiya? Ayobami ya ce wai akwatin yana sabunta kansa ne, ba zai yarda a taɓa shi ba sai ya gama shan data ya ƙoshi, kuma haka yake yi lokaci-lokaci ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Muna zaune aka yi la'asar, layin ya kusa kai ƙarshe, sai aka ɗauke wuta. Kafin a tada inji ya koma baya. Yaran suka watse suna tsaki, wasu suka ciro wayoyinsu. Na duba akwatin gaba da baya ban ga bakin sa faifai ba. Ya ce irin nasa ba ya da baki, daga iska ake sauko da wasan, in ka biya. Na ce in ka gaji da wasan za ka iya sayar wa wani, ko ka ba maƙwabci aro? Ya ce ba hali. Na ce to me ka saya ke nan? Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce Baba wannan tambayar matarsa ma ta yi masa.

Daga nan na biya kasuwa wurin Oluwaseun, mai gyaran waya da kayan gem, wanda Ghali ke kai wa akwatunansa. Na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah. Zan faɗa miki duk abin da ya ce, har wanda bai yi mini daɗi ba, don ban saba rage mudu ba. Ya ce sabon inji ne mai kyau, ba ƙarya, ga sauri ga kyan hoto, kuma wanda ke da wuta tsayayya da intanet a falonsa, irin ma'aikatan Abujan da ke kwana a nan, zai ji daɗinsa. Amma ya ce su waɗannan a gida suke ajiye nasu, 'ya'yansu ba sa zuwa shago. Ya ce yawancin wasannin da yaran unguwa ke so har yanzu tsohon yana ɗauka. Ya ce hannun da ake riƙewa a yi wasan, in yara da yawa suna murza shi, ba ya daɗewa sai ka ga ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, kamar mai iskoki, kuma kuɗin hannu ɗaya ya isa a yi cefanen kwanaki. In kuma cikin ya ƙone, shi bai da kayan gyaransa, sai an aika Legas. Sannan ya ce, kuma nan ne na ji kamar in toshe kunnen mai kyau, duk da haka shagon da ke da sabo shi yara ke bi, ko don su ce sun taɓa, kuma in Ghali bai samu ba shagonsa ba zai kai baɗi ba. Na ce Allah ya amsa bakinka. Ya ce Baba ai ba addu'a na yi ba.

Ni dai ga abin da na gani da ɗan hankalina. Zarto da gizagon da na gada wurin ubana suna nan a ƙarƙashin gado, in na wasa su yau za su ci katako. Ba su taɓa ce mini in dakata suna sabunta kansu ba, ba su taɓa neman kuɗin wata ba, in maƙwabci ya zo aro in ba shi. Wannan kuwa ka saya da kuɗin babur, ka ciyar da shi data, ka shayar da shi mai, ka yi masa fifita, kafin ka huce sai a ce wani ya fito wanda ya fi shi nuna gumi, naka ya zama tsoho. Waɗanda kika aiko da farko ma ai haka aka yi ta rawar kai a kansu, aka ce ba a taɓa yin irinsu ba, ga su nan yau a kan bulo suna huci. Abin da ba ya ƙarewa ba saye ba ne, bauta ce. Na gaji, Uwata. Na gaji da ƙarar inji a bayan ɗakina, na gaji da tattare riga in zan tsallake kwata, na gaji da baƙo ya zo ya rasa inda zai yi sallama sai ya tsaya a titi yana kiran waya. Abokaina da muke zama a zauren nan bayan la'asar duk sun daina zuwa, don ba dattijon da zai bi lungu a karkace ya faɗo tsakiyar mata.

Kada ki ɗauka ban san abin da ke kan Ghali ba. Na sani. Daga shagon nan ake auno masara, daga nan ake sayo mini maganin hawan jini, ga haihuwa tafe. Yaro ne mai jin ƙai, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da ya bi 'yan shaye-shaye gara wannan sau dubu. Ban ce a kashe masa sana'a a bar shi hannu rabbana ba. Tsohuwar rumfata ta kafinta tana nan bakin hanya, mai faci ne a ciki, na ce zan sallame shi Ghali ya koma can da akwatunansa. Ya ce ba wuta a layin, kuma ɓarayi za su ɗaga kwanon. Na ce to a sa ƙofar ƙarfe a zauren maimakon bango, a riƙa buɗewa in da lalura. Ya ce talabijin ɗin a jikin wurin suke, da wayoyin wuta, kuma shagon da mata ke ratsawa da tulu ba shago ba ne. Kowace ƙofa na nuna masa sai ya nuna mini bulo. In har kina da abin da za ki taimaka masa da shi, ki taimaka masa da abin da zai fitar da shi daga zauren nan, ko keke ne, ko shago a kasuwa, ku kuka san zamani. Amma kada ki aiko masa da abin da zai ƙara dasa shi a ciki. Na kira Theophilus magini ya duba bangon, ya ƙwanƙwasa, ya ce bulo ɗaya ne a tsaye, kafin azahar ya gama, har tsohon katakon ƙofar yana nan a ciki bai ruɓe ba.

Abin da ya sa na ƙi bari sai kin zo, kamar yadda kika saba cewa, shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Watan jiya muka kai Malam Na'iya mai gyaran keke makwancinsa, sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Na tsaya a ƙofar gidansa na ga an fito da shi ta zaurensa a miƙe, a kan makarar nan tawa, mutane na karɓa hannu da hannu, ba wanda ya ce a karkata. Wallahi sai da na ji ƙyashi, Allah ya yafe mini, ƙyashin gawa. Likita ya ce zuciyata ce ke tara ruwa a ƙafafun, ya ce in rage gishiri da tunani. Gishirin na rage. Ki tuna mahaifiyarki 'yar firit ce, da ƙyar ta wuce kwanar nan. Ni kuwa kin san ƙirata, ga tsawo ga kafaɗa, ga kumburi ya ƙaru. Na tsaya a kwanar na auna da idon kafinta, ba zan wuce ba. Sai dai su ɗaga ni ta kan katanga su miƙa wa na waje kamar akuyar sata, yaran gem suna ɗauka a waya. Ko kuma a tsaya neman Theophilus da guduma ina kwance ina jira, jama'a na duba rana. Wannan shi ne abin da nake gani in na rufe ido, ba gumin ɗan ƙwallo ba.

Ki gaishe mini da Malam Fakhruddeen da kyau, ki ce ina godiya da zumar da ya aiko, kuma ki karanta masa wannan takarda, ba abin ɓoyo a ciki, shi ma yana da uba. Ki gaishe da abokin faɗana Saifullahi, ki ce na ji labarin shi ma ba ya ɗaga kai daga waya, in ya zo zan kama kunnen. Ki gaishe da amaryata Umaima, ki ce angonta ya tsufa amma bai sake ta ba, ta zo ta karɓi kuɗin cefane. Goggonki Dije tana gaisuwa, Sailuba tana gaisuwa, Malama Grace ma ta ce in sa tata. Ghali bai san na rubuto ba, amma da Alhaji Isiyaku ya tashi zan gaya masa da bakina, ba na yi wa ɗana kwanton ɓauna. In kin shiga Harami ki yi wa mahaifiyarki addu'a, ni ma ki sa ni.

Saura magana ɗaya. Na riga na yi shawara da Dije, ta share mini ɗakin marigayi mijinta a Iku, gidanta ƙofarsa ko amalanke ta shiga. In Alhaji Isiyaku ya sauka da kwali a hannu, ba zan yi faɗa da kowa ba, ba zan yi wa kowa baki ba, zan naɗe tabarmata in bar muku gidan ubana da ƙafata tun tana iya ɗaukata, in je in ƙarasa a gidan ƙanwata kamar baƙo. Ba na so, Allah ya sani ba na so. Don haka ki zauna ki rubuto mini a takarda, da hannunki, ki ba shi ya kawo. Kada ki ce Allah ya ba da haƙuri, haƙurin na ci har ya fito mini ta ƙafa. Kada ki ce za a duba. Za ki sayo, ko ba za ki sayo ba? Za a buɗe mini ƙofata ina da rai, ko ba za a buɗe ba? Ku uku kuka rufe ta, ɗaya ta tafi, ɗaya ya sunkuyar da kai, ke kika rage. Ko a'a ce ki faɗa mini, zan ɗauka. Amma wani ya amsa mini, Uwata. Sau ɗaya dai, wani ya amsa mini.

Wassalam. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Bamalli Kafinta.